Hanyoyin Jawo Masu Karatu Zuwa ga Rubutun Intanet

1.0 Gabatarwa

Kowane irin rubutu ana yin sa ne domin a karanta. A zamanin da ɗab'i kaɗai ne hanyar yaɗa rubutu, marubuci ba ya shan wahalar neman masu karatu da kansa, domin akwai waɗanda suka ɗauke masa wannan nauyi. Kamfanin ɗab'i yakan buga littafi, dillalai su kai shi kasuwa, hukumomin ilmi kuma su sanya shi cikin jerin littattafan makarantu. Haka nan wanda aka buga wasiƙarsa a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a shekarar 1939, ya san cewa duk inda jaridar ta shiga rubutunsa ya shiga.

Zuwan intanet ya sauya wannan tsari. A yau duk mai wayar hannu yana iya buɗe shafi ya wallafa abin da ya ga dama, ba tare da ya nemi izinin edita ba. Sai dai wannan sauƙi ya zo da tasa matsalar, wato rubuce-rubuce sun yi yawan da babu mai iya ƙidaya su, har ya kasance maƙala mai inganci tana iya shekara ba wanda ya leƙa ta, alhali wata mai cike da kurakurai tana yawo hannu-hannu. Wannan al'amari ya shafi malamin Hausa kai tsaye, domin ɗalibin da aka bai wa aikin jinga a kan tatsuniya ko karin magana yakan fara ne da tambayar wayarsa, kuma abin da ya fara cin karo da shi, shi yakan ɗauka a matsayin ilmi.

A wannan babi za a yi bayanin hanyoyin da mai karatu ke isa ga rubutu a intanet, da yadda injin bincike ke aiki, da dabarun da marubuta ke bi domin jawo masu karatu. Za a kuma duba matsalolin da suka keɓanta ga rubutun Hausa a wannan fage.

2.0 Hanyoyin da Mai Karatu Ke Isa ga Shafi

Akwai manyan hanyoyi guda huɗu da mai karatu ke bi ya isa ga wani shafi, kamar haka:

(a) Zuwa kai tsaye. Wannan shi ne inda mai karatu ya riga ya san adireshin shafin, sai ya rubuta shi da kansa ya shiga, kamar yadda masu bibiyar labarai ke shiga shafin Sashen Hausa na BBC ko na jaridar Aminiya.

(b) Bin mahaɗi. Mahaɗi shi ne kalma ko jimla ko hoto da ake latsawa a wani shafi, ya kai mutum zuwa wani shafin daban.

(c) Kafofin sada zumunta, irin su Facebook da WhatsApp da X, inda wani yakan tura wa abokansa rubutun da ya burge shi.

(d) Injin bincike, inda mai karatu ke rubuta abin da yake nema, a jero masa shafukan da suka yi magana a kai.

Hanya ta huɗu ta bambanta da sauran ta fuskoki biyu. Na farko, mai karatun da ya zo ta wannan hanya shi ne ya fito nema da kansa, saboda haka yana da buƙatar abin da aka rubuta. Na biyu, hanya ce mai ɗorewa. Rubutun da aka yaɗa a kafar sada zumunta yakan yi tashe na kwana ɗaya ko biyu, sababbi su binne shi. Amma maƙalar da ta sami wuri mai kyau a injin bincike tana iya shekaru tana samun baƙi, muddin mutane suna ci gaba da yin tambayar da ta amsa.

3.0 Injin Bincike

3.1 Ma'anarsa da Taƙaitaccen Tarihinsa

Injin bincike manhaja ce ta kwamfuta wadda ke tattara bayanan shafukan intanet, ta tsara su, sannan ta fito wa mai tambaya da waɗanda suka fi dacewa da tambayarsa.

A shekarar 1989 ne Tim Berners-Lee, wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Birtaniya, ya gabatar da tsarin yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke ƙasar Suwizalan, aka kuma buɗe tsarin ga jama'a a 1991. Da shafuka suka fara yawa, sai buƙatar hanyar gano su ta taso. A 1994 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford da ke Amurka, Jerry Yang da David Filo, suka kafa Yahoo, wanda a farkonsa jerin shafuka ne da mutane ke tsarawa da hannu, fanni-fanni, tamkar kundin ɗakin karatu. A 1995 aka buɗe AltaVista, wanda ke binciko kalmomi a cikin matanin shafuka.

Injinan farko sun dogara ƙwarai a kan ƙidayar kalmomi. Shafin da ya fi maimaita kalmar da ake nema yakan sami fifiko. Ba a daɗe ba masu wayo suka gano wannan rauni, suka shiga cusa kalma ɗaya sau ɗaruruwa a shafukansu domin su hau gaba. Ana cikin wannan hali ne wasu ɗaliban Stanford ɗin, Larry Page da Sergey Brin, suka fito da wata dabara da suka kira PageRank, wadda a kanta suka kafa kamfanin Google a 1998. Kamfanin Microsoft kuma ya fito da nasa injin mai suna Bing a 2009. Google ne ya mamaye fagen, domin kusan tara daga cikin kowane bincike goma da ake yi a injinan bincike na duniya ta hannunsa ake yi.

3.2 Yadda Yake Aiki

Aikin injin bincike ya kasu zuwa matakai uku.

Mataki na farko shi ne tattarawa. Injin yana da wata manhaja da ake yi wa laƙabi da gizo-gizo, wadda ke yawo dare da rana daga shafi zuwa shafi ta hanyar bin mahaɗai, tana kwafo abin da ta tarar. Shafin da babu mahaɗin da ke kaiwa gare shi, kuma mai shi bai sanar da injin ba, zai yi wuya a gano shi.

Mataki na biyu shi ne tsara fihirisa. Kamar yadda fihirisar ƙarshen littafi ke nuna shafukan da kalma ta fito, haka injin ke ajiye jerin kalmomi tare da adireshin duk inda suka bayyana. Idan mutum ya yi tambaya, a cikin wannan fihirisa ake dubawa, shi ya sa amsa ke fitowa cikin ƙiftawar ido.

Mataki na uku shi ne jerantawa, wato yanke hukuncin shafin da zai zo farko da wanda zai biyo baya. A nan ne dabarar PageRank ta yi tasiri. Ta ɗauki kowane mahaɗi a matsayin shaida. Idan wani shafi ya sanya mahaɗi zuwa ga wani, tamkar ya shaide shi ne. Sai dai shaidu ba su zama ɗaya ba. Kamar yadda shaidar dattijon da unguwa ta amince da shi ta fi ta baƙon da ba a san asalinsa ba, haka mahaɗi ɗaya daga shafin da shi ma ake yawan nuni gare shi ya fi mahaɗai masu yawa daga shafukan da ba wanda ya san da su. Bugu da ƙari, nauyin shaidar shafi yakan rabu a tsakanin duk waɗanda ya yi nuni gare su. A yau injinan bincike suna duba ɗimbin alamomi bayan mahaɗai, ciki har da ma'anar tambaya da harshen mai tambaya da ƙasar da yake da sabuntar bayani.

Jerantawa tana da muhimmanci saboda akasarin masu bincike ba sa wuce sakamakon farko-farko. Shirya shafi yadda injin zai fahimce shi ya ba shi matsayin da ya cancanta, shi ne fannin da Turawa ke taƙaita sunansa da haruffan SEO.

4.0 Dabarun Jawo Masu Karatu

4.1 Sanin Tambayar Mai Karatu

Dabara ta farko ita ce marubuci ya san abin da mutane ke tambaya da kuma kalmomin da suke tambayar da su. Waɗannan su ake kira kalmomin nema. Alal misali, ma'aikacin lafiya yana iya rubuta maƙala a kan zazzaɓin cizon sauro, alhali wasu masu neman bayanin suna rubuta maleriya ne. Idan bai ambaci kalmar ta biyu ko sau ɗaya ba, yana iya rasa waɗannan masu karatu. Abin da ya dace shi ne ya kawo sunayen biyu a wurin da suka dace a cikin bayaninsa.

Akwai hanyoyin gano kalmomin nema ba tare da kashe ko kwabo ba. Idan mutum ya fara rubuta tambaya a injin bincike, yakan ga an kawo masa shawarwarin ƙarasa ta, waɗanda aka samo daga irin tambayoyin da wasu suka yi. Akwai kuma Google Trends, wanda aka buɗe a 2006, da ke nuna hawa da saukar sha'awar jama'a ga wani batu. Shi kuwa malami yana da wata taska da ta fi waɗannan, wato tambayoyin da ɗalibansa ke maimaita masa a aji kowace shekara.

Haka kuma, ƙaramin marubuci ya fi samun nasara idan ya keɓe batunsa. Kalma guda kamar "adabi" tana da masu takara da yawa. Amma tambaya irin "bambancin zambo da habaici a waƙoƙin fada" masu amsa ta kaɗan ne, kuma wanda ya yi ta ya san abin da yake so. Kamfanin Google ya bayyana a 2017 cewa kashi 15 cikin ɗari na tambayoyin da yake samu a kowace rana sababbi ne, ba a taɓa yin su ba. Wannan yana nuna cewa har yanzu akwai fili mai faɗi ga mai amsa keɓaɓɓun tambayoyi.

4.2 Take

Take shi ne abin da mai bincike ke fara gani, kuma a kansa yake yanke shawarar shiga ko wucewa. Take mai kyau yakan faɗi ainihin abin da rubutu ya ƙunsa, ya sanya muhimman kalmomi a farko, ya kuma kasance gajere, domin injin yakan datse abin da ya wuce kimanin haruffa 60. A dubi waɗannan misalai biyu:

(i) Wani Ɗan Tsokaci a Kan Gadon Iyaye da Kakanni
(ii) Rabe-Raben Waƙoƙin Baka na Hausa da Misalansu

Take na farko yana da daɗin ji, amma bai bayyana ko maganar rabon gado ake yi ko ta al'ada ko ta adabi ba. Na biyu kuwa ya sanar da injin da mai karatu abin da za su tarar.

Akwai wani nau'in take da ya zama ruwan dare, wanda ake kira taken tarko, irin su "Abin da ya faru zai ba ka mamaki". Irin wannan yakan jawo latsawa a karon farko, amma idan mai karatu ya shiga bai tarar da abin da aka yi masa alkawari ba, sai ya fita da jin an yaudare shi. Hausawa sun ce kyan alkawari cikawa, kuma take alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu. Tun a 2014 kamfanin Facebook ya sanar da ɗaukar matakin rage yaɗuwar irin waɗannan kanun.

4.3 Tsarin Rubutu

Karatu a fuskar kwamfuta ko waya ya bambanta da karatun littafi. Wani bincike da Jakob Nielsen ya wallafa a 1997 ya nuna cewa kashi 79 cikin ɗari na mutanen da aka gwada suna bin shafi ne sama-sama, kashi 16 kaɗai ke karantawa kalma bayan kalma. Saboda haka ake son marubucin intanet ya kiyaye waɗannan abubuwa:

(a) Ya kawo amsar tambaya a sakin layi na farko, ƙarin bayani ya biyo baya, kamar yadda 'yan jarida ke tsara labari.
(b) Ya raba rubutun da ƙananan kanu masu bayyana abin da ke ƙarƙashinsu.
(c) Ya gajarta sakin layi, kowanne ya ɗauki manufa guda.
(d) Ya rubuta ɗan bayani a kan kowane hoto, domin amfanin injin da kuma makafi masu amfani da manhajar da ke karanta musu shafi.

A nan akwai abin lura ga marubutan Hausa. An saba buɗe rubutu da doguwar shimfiɗa ta gaisuwa da godiya kafin a shiga batu. Wannan ladabi ne mai kyau a wasiƙa ko jawabi, amma mai binciken da ke neman ma'anar kirari ba zai jira sakin layi uku ba kafin ya ga amsa.

4.4 Mahaɗai

Mahaɗai iri biyu ne. Akwai na cikin gida, waɗanda ke haɗa rubuce-rubucen marubuci ɗaya da juna. Wanda ya yi maƙala a kan tatsuniya, ya kamata ya sanya mahaɗi zuwa maƙalarsa ta almara da ta hikaya, domin mai karatu ya zarce, gizo-gizon injin ma ya gano su. Akwai kuma na waje, waɗanda wasu shafuka ke yi zuwa gare shi. Waɗannan su ne shaidun da aka ambata a baya, kuma hanyar samunsu ta halal ita ce kawo abin da babu shi a wani wuri. Malamin da ya je ƙauye ya tattaro waƙoƙin daka ko na daɓe daga bakin tsofaffi, ya rubuta su daidai tare da sunan garin da lokacin da ya ɗauko su, ya samar da abin da duk mai nazarin fannin zai yi nuni gare shi.

4.5 Sauƙin Buɗuwa a Waya

Tun bayan shigowar wayar salula ta GSM Nijeriya a 2001, waya ta zama babbar ƙofar da jama'a ke shiga intanet. Mafi yawan masu karatun Hausa da waya suke karatu, kuma da kuɗinsu suke sayen data. Shafin da aka cika da manyan hotuna da tallace-tallace yakan yi nauyin buɗuwa, ya cinye data, mai karatu ya gaji ya fita. A 2015 Google ya fara fifita shafukan da suka dace da fuskar waya a binciken da aka yi da waya, a 2018 kuma ya sanya saurin buɗuwa cikin ma'aunansa na irin wannan bincike. Rage girman hotuna da zaɓen haruffa masu karantuwa suna cikin matakai mafi sauƙi da marubuci zai ɗauka.

4.6 Ɗorewa da Riƙe Masu Karatu

Rubutu iri biyu ne ta fuskar tsawon rai. Akwai na yayi, kamar labarin wasan ƙwallo, wanda amfaninsa ke ƙarewa cikin kwanaki. Akwai kuma mai ɗorewa, kamar bayanin ƙa'idojin rubutun Hausa, wanda za a ci gaba da nema shekara da shekaru. Marubuci mai hangen nesa yakan ba nau'i na biyu ƙarfi, ya riƙa komawa yana gyara kurakurai da sabunta bayanai.

Kafofin sada zumunta suna taimakawa wajen sanar da sabon rubutu, amma dogaro da su kaɗai haɗari ne, domin ƙa'idojinsu a hannun masu su suke. A watan Janairu na 2018 Facebook ya sauya tsarinsa, ya fifita saƙonnin 'yan uwa da abokai a kan na kafofin yaɗa labarai, abin da ya rage wa shafuka da dama masu ziyara. Wannan ne ya sa marubuta ke ƙoƙarin mayar da baƙo ɗan gida, ta hanyar wallafa rubutu a kan lokaci sananne da aika sanarwa ta imel ga waɗanda suka nema. Akwai kuma kayan awo na kyauta, irin su Google Search Console, da ke nuna wa mai shafi tambayoyin da suka kawo masa mutane, domin ya san inda zai ƙara himma.

5.0 Matsalolin da Suka Keɓanta ga Rubutun Hausa

Dabarun da aka ambata sun shafi kowane harshe. Amma akwai wasu matsaloli da marubucin Hausa ke fuskanta waɗanda takwaransa na Ingilishi bai san da su ba.

Matsala ta farko ita ce ta haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. A wurin kwamfuta, kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, kuma lambar ƙ daban take da ta k. Saboda haka "ƙasa" da "kasa" kalmomi biyu ne a wurinta, kamar yadda suke a wurin Bahaushe. Sai dai mutane da yawa ba sa sanya lanƙwasa idan suna rubutu a waya. Wasu kuma sun saba da rubuta k' ko 'k tun lokacin da babu haruffan a na'urori. Ke nan kalma ɗaya tana iya samun siffofi uku ko huɗu, kuma ba kullum ne manhajar bincike ke gane cewa abu ɗaya ake nufi ba. Daɗin daɗawa, Nijeriya tana rubuta 'y, Jamhuriyar Nijar kuma tana rubuta ƴ.

Wannan ya sa wasu masu shafuka suka zaɓi watsar da lanƙwasa gaba ɗaya domin su dace da abin da jama'a ke rubutawa. Ribar wannan zaɓi ta ɗan lokaci ce, hasararsa kuwa mai tsawo ce. Rashin lanƙwasa yana haɗe baki da baƙi, da fada da faɗa, da kare da ƙare, da bata da ɓata. Bayan haka, ɗalibai suna koyon rubutu ne daga abin da suke yawan gani, sannan manhajojin fassara da na gyaran rubutu suna koyon harshe ne daga matanin da suka tarar a intanet. Duk shafin da ya yi watsi da ƙa'ida yana koyar da kuskure ga mutum da na'ura baki ɗaya. Matsalar rashin haruffan ma ta ragu, domin allon rubutu na wayoyin zamani da dama yana da tsarin Hausa. Abin da ya dace shi ne marubuci ya tsaya a kan daidaitacciyar Hausa a take da matani, ya bar haruffa marasa lanƙwasa ga adireshin shafi kawai, inda suka fi sauƙin rubutawa da turawa.

Matsala ta biyu ita ce karo da kalmomin Ingilishi. Kalmomin Hausa da dama suna da siffa ɗaya da wasu kalmomin Ingilishi a rubuce, misali mace da dare da take da sake da rage. Wanda ya rubuta ɗaya daga cikinsu ita kaɗai a injin bincike, sakamakon Ingilishi zai fi cin karo da shi. Kuskuren haɗe kalmomi yana ƙara dagula al'amarin, domin wanda ya rubuta "shine" a maimakon "shi ne" ya rubuta kalmar Ingilishi ce ba tare da ya sani ba. Maganin wannan shi ne kiyaye ƙa'idar raba kalmomi, da gina take da cikakken yankin jimla na Hausa.

Matsala ta uku ita ce bambancin karin harshe da kalmomin aro. Abin da Bakano ke kira makaranta, mutumin Damagaram yana iya kiransa lakwal, saboda tasirin Faransanci. Marubucin da ke son masu karatu daga ɓangarorin biyu yakan yi amfani da daidaitacciyar kalma, ya ambaci takwararta sau ɗaya a cikin bayani.

Duk da waɗannan matsaloli, akwai wata dama babba. Rubutun Hausa a intanet bai kai ko kusa da yawan masu magana da harshen ba, kuma kaso mai yawa na abin da ake da shi labarai ne na yau da kullum. Fannoni irin su kimiyya da noma da kiwon lafiya da nazarin harshe suna da giɓi mai faɗi. Shigar Hausa cikin Google Translate a 2013 ta nuna cewa manyan kamfanoni sun san da masu amfani da harshen. Saboda ƙarancin masu takara, maƙalar Hausa mai inganci ta fi takwararta ta Ingilishi saurin hawa gaba.

6.0 Hanyoyin Zamba da Sakamakonsu

Tun farkon injinan bincike ake samun masu neman gajeriyar hanya. Daga cikin dabarunsu akwai cusa kalmomin nema barkatai, da ɓoye rubutu ta hanyar ba shi launi ɗaya da na bangon shafi, da nuna wa injin wani abu daban da wanda ake nuna wa mutane, da sayen mahaɗai, da kwafe rubutun wasu.

Tarihi ya nuna cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Fabrairu na 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na ƙasar Jamus daga fihirisarsa na ɗan lokaci, saboda amfani da shafukan da aka shirya domin injin kawai. A 2011 ya fito da wani gyara mai suna Panda, wanda ya rage darajar shafukan da ke tara rubutu marar amfani, a 2012 kuma ya fito da Penguin domin yaƙar mahaɗan bogi. A watan Maris na 2024 ya ƙara tsaurara ƙa'ida a kan masu samar da ɗimbin shafuka domin hawa gaba kawai, ko da hannu aka rubuta su ko da na'ura.

Kwafe rubutun wani a wallafa ba tare da izini ko ambaton mai shi ba, cuta ce da ta yi katutu a shafukan Hausa. Ban da zubar da mutunci, yin haka ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka, wadda Nijeriya ta sabunta da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022.

7.0 Sabon Yanayi

Fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022 ta buɗe wani sabon babi, inda mutane ke yi wa manhajojin ƙirƙirarriyar basira tambaya su sami amsa a dunƙule. A watan Mayu na 2024 Google ma ya fara sanya irin wannan taƙaitacciyar amsa a saman sakamakon bincike a Amurka, daga baya ya faɗaɗa zuwa ƙasashe sama da 100. Ma'anar wannan ita ce mai tambaya yana iya samun biyan buƙata ba tare da ya shiga shafin kowa ba. Rubutun da ya tsaya ga maimaita abin da kowa ya sani shi ne ya fi fuskantar barazana. Wanda ya ƙunshi binciken gani da ido da misalai na asali da sunan marubucin da aka san ƙwarewarsa kuwa, yana da dalilin da zai sa a neme shi, kuma su kansu manhajojin daga irinsa suke ɗebo bayani.

8.0 Matsayin Malamin Hausa

Malamin Hausa yana da rawa iri biyu a wannan fage. A matsayinsa na marubuci, shi ne ya fi cancanta ya cike giɓin da aka ambata, ta hanyar mayar da darussansa maƙaloli masu bin ƙa'ida. A matsayinsa na mai koyarwa kuma, wajibi ne ya fahimtar da ɗalibai cewa zuwan shafi a farkon jeri ba hujja ce ta ingancinsa ba. Yana iya ba su aikin binciko batu ɗaya, su kwatanta shafuka uku na farko, su duba wanda ya rubuta kowanne da lokacin da aka rubuta shi da yadda ya kiyaye ƙa'idojin rubutu. Haka kuma darasin insha'i wuri ne da ya dace a koyar da zaɓen take da tsara sakin layi na farko.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa injin bincike yana tattara shafuka, ya tsara su a fihirisa, sannan ya jeranta su bisa dacewa da amincin da suka samu. An kuma ga cewa sanin tambayar mai karatu da kyautata take da tsari da mahaɗai da sauƙin buɗuwa su ne manyan hanyoyin jawo masu karatu, kuma dukkansu suna aiki ne idan rubutun kansa yana da amfani. Hausawa sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Dabarun nan wanka ne, kyan kuwa shi ne ilmi ingantacce da aka rubuta da daidaitacciyar Hausa.

Tambayoyin Bita

1. Kawo hanyoyi huɗu da mai karatu ke isa ga shafin intanet, sannan ka bayyana wadda ta fi ɗorewa tare da dalili.
2. Yi bayanin matakai uku na aikin injin bincike.
3. Mene ne kalmomin nema? Kawo hanyoyi biyu na gano su.
4. Tattauna matsaloli uku da rubutun Hausa ke fuskanta a injin bincike, tare da misalai.
5. Ƙirƙiro take uku masu dacewa da maƙala a kan wasannin yara na gargajiya, ka faɗi wanda ya fi, da dalilinka.